Toron talo-talon da na bari ya tafi a dajin Mark Twain

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ranar Asabar ɗin nan na yi farautata ta farko a ƙasar nan, farautar talo-talon daji, kuma hannu rabbana na dawo gida. Duk da haka kwana biyu ke nan in na rufe ido kukan tsuntsun nan nake ji.

Waɗanda suka san ni sun san shekara shida ke nan ina zaune a Rolla, jihar Misuri ta Amurka. Maƙwabcina wani dattijon Bature ne da ya haura saba'in, tsohon makanike. Duk watan Afrilu sai in riƙa jin tashin motarsa tun dare bai tsaga ba. Bara na tambaye shi ina yake zuwa, ya ce talo-talo, in kuma ina so in bi shi sai na fara yin kwas na mafarauta, domin a Misuri ana neman takardar wannan kwas daga duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1967 zuwa yau. Na yi kwas, na sayi lasisi. Sati biyu kafin a buɗe farauta ya kai ni filin gwajin harbi, ya manna takarda mai hoton kai da wuyan talo-talo, ya sa na harba daga yadi 20, da 30, da 40, da 50. Bayan kowane harbi sai mu je mu ƙirga ramukan da suka faɗa a kai da wuya. Irin harsashin nan ne mai warwatsuwa. A yadi 40 ramukan sun isa kisa. A yadi 50 sun watse, ɗaya nan ɗaya can. Ya zaro biro ya rubuta 40 a bayan hannuna, ya ce iyakata ke nan. Ku riƙe wannan lambar, za ta dawo.

Ƙarfe 3:30 na dare muka bar gida, muka nufi wani yanki na dajin Mark Twain, dajin gwamnatin tarayya mai faɗin eka wajen miliyan ɗaya da rabi a tsaunukan Ozark. A gefen mota na yi sallar Asuba a kan ciyawa mai raɓa, dattijon ya koma gefe yana jira, bai ce uffan ba. Daga nan muka kama wata tsohuwar hanyar masu yankan katako, ba tocila, sanyi na ratsa riga. Da muka hau kan tudu sai ya tsaya, ya dunƙule hannu a baki ya yi kukan mujiya. Wallahi kafin ya rufe baki sai ga amsa daga ƙasan kwari, gulu-gulu-gulu, kamar an kwaranyo duwatsu cikin gwangwani. Tsigar jikina ta tashi. A lokacin barbara toron yakan amsa duk wata ƙara da ta zo masa ba zato, ko mujiya, ko hankaka, ko tsawa. A kan bishiya suke kwana, don haka ta wannan amsa ake gane inda yake.

Muka lallaɓa har ya rage kamar yadi 150, kowa ya jingina da gindin bishiyar da ta fi kafaɗunsa faɗi. Fuska a rufe, hannu a rufe, bindiga a kan gwiwa. Dattijon ya fito da wani ɗan faifan dutse da tsinke, ya goga a hankali, sai ga muryar mace mai barci-barci. Toron ya amsa har sau biyu a jere. Na ce a raina an gama. Gari na wayewa muka ji faf-faf-faf ya sauko. Sai kuma muka ji mata na gaske, uku ko huɗu, suna kiransa ta wancan ɓangaren. Ya bi su. Kukansa ya riƙa nisa har ya ɓace. Ƙarfe 7 bai yi ba.

Bari in ɗauko Hanifa daga makaranta, zan ƙarasa.

Ɗanlami Kantin Kwari:
Wa alaikumus salam. Baban Hanifa, ban gane ba. Kun san inda yake, kun ji saukarsa, sai kuka zauna? Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Me ya hana ku bi shi?

Maman Sadik:
Ni tambayata daban. Wai da gaske akwai talo-talo a daji? Na ɗauka tsuntsun gida ne kamar agwagwa. Wanda muke kiwo ko katanga ba ya iya hayewa.

Abu Ontariyo:
Hajiya, asalinsa ma na daji ne, kuma tsuntsun nahiyar Amurka ne. Mutanen Meziko na dā suka mai da shi na gida, Sifaniyawa suka kai shi Turai a farkon shekarun 1500, daga can ya bazu har ya iso mana. Na daji siriri ne, doguwar ƙafa, jikinsa na ƙyalli kamar tagulla in rana ta taɓa shi. Yana gudun kilomita 40 a awa da ƙafa, in ya tashi sama kuwa ya fi 80, sai dai ba ya nisa. A nan wajenmu, lardin Ontariyo na Kanada, har bayan gidaje suke zuwa lokacin hunturu.

Jikan Maharbi:
Ɗanlami, ka taɓa bin zabin daji a fili da rana? Kana taku ɗaya suna yin goma. Kakana a ƙasar Ningi ba ya bin su haka. Ko dai ya tare su a bakin ruwa, ko ya ɗaura burtu a goshi ya yafa baƙin zane ya riƙa rarrafe yana tsattsagar ƙasa har su sake da shi. Baban Hanifa, da ka sami burtu da ka gwada musu.

Baban Hanifa:
Na dawo. Yaya Jikan Maharbi, za ka yi mamaki, akwai masu yin kusan irin wannan a nan. Sukan ɓuya bayan buɗaɗɗiyar jelar toro su riƙa rarrafe, shi kuma na gasken ya ɗauka kishiya ce ta shigo masa ya taho faɗa. Amma wasu jihohi sun hana, kuma dattijona ya ce ko a mafarki kada in yi a dajin gwamnati. Dalili kuwa ba kai kaɗai ne a dajin ba. Wani na can zaune da bindiga yana jiran ya ga jela. Haka ma bin kuka, Ɗanlami. Kukan da kake bi wataƙila mutum ne ke yin sa. Shi ya sa abu na farko da aka koya mana a kwas shi ne kada ka sa ja, ko fari, ko shuɗi, domin launukan kan toro ke nan. In ka hango wani mafarauci kuma kada ka ɗaga masa hannu, ka yi magana da ƙarfi. Ga kuma idon tsuntsun. Yana ganin launi, idanunsa a gefen kai suke, ƙiftawar da za ka yi ya gan ta.

To, bayan sun tafi na ɗauka gida za mu. Dattijon ya buɗe fulas ya zuba mana kofi, ya ce mu ba su awa biyu. A wannan lokaci na shekara matan sun fara saka ƙwai, ɗaya a rana har su tara goma ko sha biyu, sannan su kwanta a kai kwana 28. In hantsi ya yi sukan zame ɗaya bayan ɗaya su tafi sheƙa, su bar toron shi kaɗai. A nan ne yake sake kasa kunne.

Haka kuwa aka yi. Wajen 9:40 muna kan wani tudun daban, dattijon ya kaɗa wani ɗan akwatin katako mai murfi, wanda ƙararsa ta fi nisa. Amsa ta zo, kusa. Muka zube a inda muke. Na ɗora bindiga a gwiwa na saita ta wajen da kukan ya fito.

Minti goma sai na ji taku a cikin busassun ganye ta hagu. Samari biyu ne, 'yan shekara ɗaya. Ana gane su da gajeren gemu, wato tuntun gashin da ke fitowa a ƙirjin namiji, nasu bai wuce tsawon yatsa ba, kuma gashin tsakiyar jelarsu ya ɗara na gefe tsawo. Suka zo har yadi 15. Ina ganin ƙwayar idonsu. Doka ta halatta su, tunda gemun na bayyane. Dattijon ya raɗa mini, "Naka ne in kana so." Amma kawunansu a haɗe suke, kuma a satin farko guda ɗaya tak aka yarda ka ɗauka, harbi ɗaya kuwa zai iya kwashe biyun. Ba zan ɓoye muku ba, akwai lokacin da suka rabu, ɗaya ya miƙa wuya shi kaɗai. Yatsana na kan kunama. A daidai nan babban ya sake kuka, har na ji shi a ƙirjina. Na jira. Samarin suka wuce.

Sai ga shi ya ɓullo a ƙetaren wani ɗan rafi. Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Jela a buɗe kamar faifai, fukafukai na jan ƙasa, gemu na lilo ya kusa taɓa ciyawa, kai fari fat, sannan ya koma shuɗi, wuya ja wur. Yana fitar da wata ƙara ƙasa-ƙasa, kamar ana buga ganga a wani gari mai nisa. Ya yi taku biyar dama, ya juya, taku biyar hagu. Dattijon ya yi kira a hankali, ya amsa, amma ko taku ɗaya bai ƙara ba. A ɗabi'arsu mace ce ke zuwa wurin namiji. Shi ya zo inda ya kamata a gan shi, ya baje kolinsa, yana jiran ta fito. Mu kuma so muke ya saɓa wa halittarsa ya ƙaraso.

Minti arba'in muna haka. Ƙafata ta dama ta mutu, hannun da ke riƙe da bindiga na rawa, sauro na cizon fatar idona. Na kimanta tazarar, na ga ta haura abin da aka rubuta mini a hannu. Daga ƙarshe gwiwata ta ɗan zame. Ya naɗe jela nan take, ya miƙe wuya, ya yi wata gajeriyar ƙara, fut, fut, ya juya ya shige kurmi. Da muka auna da taku, 58 ne daga bishiyata zuwa inda ya yi ta zagaye. Sawun jan fukafukansa na nan a ƙasa kamar an ja layi da tsinke.

Mun ƙara gwada wuri biyu, shiru. A filin gwamnati ƙarfe 1 na rana ake tashi. Na dawo da kaska huɗu a ƙafa da gashin fiffike guda da na tsinta.

Ɗanlami Kantin Kwari:
Innalillahi. Nama ya zo yadi 15 ka bar shi? Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, ɗan'uwa. Na biyun ma, taku 58 ai ba nisa ba ne. Ka saki wuta mana, in ya faɗi alhamdulillahi, in bai faɗi ba harsashi ɗaya ka yi asara.

Baban Hanifa:
Ba harsashi kaɗai ba ne asarar. A wannan tazara abin da ya fi yiwuwa shi ne ƙwayoyi biyu ko uku su shige shi a ciki ko su karya masa fiffike, ya gudu da su. Ba zan same shi ba, shi kuma ba zai rayu ba. Ya kwana uku yana ruɓewa da rai har wani naman daji ya ƙarasa shi. Na ga takardar nan da idona, Ɗanlami. Na san abin da bindigar ke yi a yadi 50.

Ummu Aiman:
Malamai su gafarce ni, ni abin da ya tsaya mini shi ne halaccin naman. Da ka harbe shi ya mutu kafin ka isa da wuƙa fa? Ba mushe ba ne?

Malam Na-Zaure:
Tambaya mai kyau, 'yar'uwa. Asalin hukuncin yana cikin hadisin Adiyyu ɗan Hatim, da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da farauta da sanda mai tsini. Aka ce masa abin da tsinin ya huda ya ci, abin da gefen sandar ya buge kada ya ci, domin bugagge ne. Da bindiga ta zo malamai sun tattauna, kuma malaman Malikiyya na baya, musamman na birnin Fas, suka ba da fatawar halacci, saboda dalma hudawa take yi ta zubar da jini. Sharaɗi shi ne ka ambaci sunan Allah lokacin harbi, da niyyar farauta. In ka iske shi da sauran rai tabbatacce, sai ka yanka. In ka yi sakaci har ya mutu alhali kana da ikon yankawa, bai ciwu ba.

Amma Baban Hanifa, akwai abin da nake so ka duba, kuma don Allah kada ka ɗauke shi suka. A Risala an ce farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuwa halal ce. Ka ce ƙaramin ya tsaya maka shi kaɗai, ka bar shi saboda ka ji babban. In nama kake nema, ai nama ya zo. Mene ne a jikin babban da babu a jikin ƙaramin, in ba dogon gemu da za a rataye a bango ba?

Ɗanlami Kantin Kwari:
Yawwa Malam. Abin da nake ta son faɗi ke nan. Wannan wasan masu ƙoshi ne. Kuɗin lasisi da kayan ganye da man mota sun sayi talo-talo nawa a kanti?

Baban Hanifa:
Allah ya gafarta Malam, na karanta maganarka sau uku kafin in amsa. Gaskiya ce, a wannan daƙiƙar ba nama ne a raina ba, babban nake so. Ba zan kare wannan ba. Niyyar da na fita da ita daga gida ta ci ce, Maman Hanifa har ta tanadi kayan yaji, kuma dokar jihar ma ta hana ka kashe ka bar naman ya lalace. Amma da kukan nan ya doki ƙirjina, zuciya ta karkata. In Allah ya kai mu na koma, na farko da ya tsaya mini daidai, shi kaɗai, cikin tazara, da bismilla zan ɗauke shi, ko gemunsa bai kai ƙumba ba.

Na biyun kuwa, Malam, ko yau aka mai da ni gindin bishiyar nan ba zan harba ba.

Malam Na-Zaure:
A na biyun ina tare da kai ɗari bisa ɗari. An umarce mu da kyautatawa har a wajen kisa. Allah ya yi maka albarka.

Jikan Maharbi:
Ɗanlami, maganarka ta wasan masu ƙoshi ta taɓa ni, bari in ce wani abu. Kakana ba mai ƙoshi ba ne. Da bindigar toka ya ciyar da gida mai mutum sama da ashirin. Ɗurinta kaɗai aiki ne, harbi ɗaya gare ka, in ka kuskure shi ke nan. Duk da haka ina yaro na sha ganin ya sauke bindiga ya bar gada ta wuce. In na tambaya sai ya ce ciki gare ta, ko ya ce ta yi nisa, zai ɓata ta ne kawai. In damina ta sauka yakan rataye bindiga ya kama fartanya, zabi su yi ƙwai su ƙyanƙyashe lafiya. Wanda ya jikkata dabba ya bar ta ta shige daji da rauni, sauran maharba ba sa ganinsa da daraja, sarkin baka ma yakan kira shi ya yi masa faɗa. Abin da Baban Hanifa ya yi a taku 58 ba na Turawa ba ne. Na maharba ne, a ko'ina suke.

Abin da ya cinye mana daji daban ne. Gayyar farauta ta mota-mota da karnuka ɗari, a kewaye daji a cinna masa wuta, a kashe mai ciki da mai shayarwa da ɗan da bai buɗe ido ba. Ga gatari, ga gawayi. Wurin da kakana ke tare zabi yau gonar masara ce, bayanta kuma fili fetal. Na je bara da ɗana in nuna masa, ko fakara ɗaya ba mu tayar ba.

Baban Hanifa:
Yaya, su ma nan sun taɓa kaiwa inda muke. Wannan ne dattijon ya yi ta ba ni labari a hanyar dawowa, na kuma bincika na tarar haka ne. Sare daji da harbin kasuwa sun kusa shafe talo-talo daga Amurka a shekarun 1930. A Misuri, farkon shekarun 1950, abin da ya rage bai wuce kamar 2,500 ba, a lungunan Ozark ɗin nan da muka shiga. Ya ce yana yaro ko sawunsa mutum ya gani sai ya ba da labari a gari.

Sun fara gwada kiwo a keji su saki a daji, abin ya ƙi, domin wanda aka ƙyanƙyashe a keji bai san dawa ba, kwana kaɗan ake cinye shi. Sai a 1951 a Karolaina ta Kudu aka fara kama na dajin da raga wadda ake harbawa ta rufe garke guda, a ɗauke su a kai inda babu. Misuri ta yi wannan aiki daga 1954 zuwa 1979, ta raba tsuntsaye sama da 2,600 a sassan jihar. A 1960 aka sake buɗe farautar bazara. A 2004 abin da aka kama a bazara ɗaya ya haura 60,000. Yau duk jihohin Amurka akwai shi in ban da Alaska.

Kuɗin aikin kuma, Ɗanlami, daga lasisin nan da kake ganin asara ne yake fitowa, da harajin kashi 11 cikin ɗari da ke kan bindigogin farauta da harsasai, wanda dokar 1937 ta sa ake raba wa jihohi don namun daji. Mutanen Misuri ma a 1976 da ƙuri'arsu suka ƙara wa kansu ɗan harajin saye don wannan. Dokokin kuwa da yawa. A bazara namiji ko mai gemu kaɗai ake harbi, biyu a duk kakar ga mazaunin jihar. Ba kare, ba zuba hatsi don jan su, ba kiran na'ura. In ka kashe, kafin 10 na daren ranar sai ka sanar da hukuma ta waya ko intanet.

Abu Ontariyo:
Namu na nan ma wasu jikokin na Misuri ne. Sun ƙare ƙaf a Ontariyo tun farkon shekarun 1900, sai a 1984 aka fara dawo da su daga jihohin Amurka. Musaya aka yi, Misuri ta ba da talo-talo ta karɓi karnukan ruwa. Amma kada a ɗauka an gama. Tun bayan shekarun 2000 yawansu na raguwa a jihohi da dama, har da Misuri, 'yan tsaki ba sa rayuwa kamar dā. Wasu na ɗora laifi a kan ƙarancin ciyawar da za su ɓuya su ci ƙwari, wasu a kan masu cin ƙwai, wasu a kan ruwan sama mai sanyi lokacin ƙyanƙyasa. Akwai jihohin da suka rage adadin da ake kamawa saboda haka.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Ina bin zancen tun farko. Kada mu ce mu ba mu iya ba. Raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, 49 suka rage a 1996. Aka tsare su, mutanen ƙauyukan suka shiga cikin aikin, suka haura 600. A 2018 aka ɗauki takwas a mota aka kai Gadabeji nan jiharmu, inda suka daɗe da ɓacewa. Na je na gan su da idona. Irin aikin ragar nan ne da Baban Hanifa ya faɗa, sai dai namu dabbar ta fi tsawo.

Ɗanlami Kantin Kwari:
Na ji, kuma maganar kakan Jikan Maharbi ta shige ni. Amma ku yi mini adalci. Baban Hanifa ya bar tsuntsu ya dawo gida ya buɗe firij. Mutumin ƙauyenmu in ya bar zabuwa ta wuce, miyar ranar lami ce, kuma ya san na bayansa ba zai bar ta ba. Wa zai sayi lasisi alhali bai ga inda kuɗin ke zuwa ba? Dazukan ma da ake magana, Kamuku, Rugu, Sambisa da ta taɓa zama gandun namun daji, wa ke shiga yanzu? Ni ban ce a yi ɓarna ba. Cewa na yi haƙurin mai firij da na marar firij ba ɗaya ba ne.

Jikan Maharbi:
Wannan gaskiya ce, ba zan musa ba. Abu ɗaya zan ƙara, kakana bai taɓa mallakar firij ba. Abin da yake da shi tabbaci ne cewa gadar da ya bari babu wanda zai ƙone daji a kanta gobe, domin akwai sarkin baka, akwai kunya. Wannan tabbacin ne ya tafi.

Maman Sadik:
Ni dai na ƙaru. Baban Hanifa, ka cire kaskar nan da kyau ko? Kada ka yi wasa da su, in ka ji zazzaɓi ka je asibiti. Sannan in Allah ya ba ka sa'a, ka gaya wa Maman Hanifa naman daji ba ya da kitse. Cinyoyin kada ta soya, ta yi farfesu a wuta ƙasa-ƙasa kamar na tsohon zabo. Ƙirjin kuma ta yanka shi falle-falle ta yi tsire.

Baban Hanifa:
Na cire su tun ranar, Hajiya, na gode, kuma saƙo zai isa. Dattijon ma abin da ya ce ke nan game da cinyoyin, jijiyoyinsu kamar waya suke. Ya ce babban da muka gani zai kai kilo goma.

Ɗanlami, ban da amsar tambayarka ta lasisi, kuma ba zan yi kamar ina da ita ba daga nan inda nake zaune.

Yanzun nan dattijon ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Da magariba ya koma kan tudun shi kaɗai, ba bindiga, ya yi kukan mujiya, toron ya amsa daga bishiyoyin da ke bakin rafin nan. Ya ce kuskurenmu shi ne mun bar ruwa a tsakaninmu da shi. Wannan karon za mu ƙetare tun da duhu mu zauna a ɓangarensa, kusa da inda ya ja fukafukai. Na nemi hutun ranar Alhamis a wurin aiki, an ba ni. Malam, wuƙar tana cikin jaka, na wasa ta.

Malam Na-Zaure:
Ka sa ta a aljihun gaba, ba cikin jaka ba, don kada ka tsaya lalube. Allah ya ba da sa'a.

Ɗanlami Kantin Kwari:
Amin. In samarin nan biyu suka sake zuwa, ka jira su rabu, sannan ka tuna alkawarin da ka yi wa Malam. Muna jiran hoto ranar Alhamis.